Wanda Aka Ci Shi Ke Biya: Yadda Shagon Gem Ya Taso a Kankiya

Kusan duk na'urar gem da ta shigo Kankiya ta titin Kano ta biyo, daga Sabon Gari, a cikin kwali, a but ɗin motar haya, ta Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya. Mu da muka yi sana'ar shagon gem a wannan yanki ba ma sayen abu a shekarar da ya fito. Sai ya gama yayinsa a Japan da Turai, ya tsufa a hannun ɗan wani, sannan ya iso mu a gwanjo. Jinkirin nan ya yi mana rana ta wata fuska, domin babu tallan da ke rako gem zuwa nan. Shi kaɗai yake zuwa, yaran gari su yanke masa hukunci da canjin da ke aljihunsu.

Ta farko da muka sani ita ce wadda ake ce wa Family. Kamfanin Nintendo ya fitar da ta asalin a Japan a 1983, amma wadda ta zo mana kwaikwayo ce, da kaset ɗinta mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni 9999 a jiki. Ka kunna ka tarar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ana ta maimaita su da sabon suna. A cikinsu akwai Super Mario Bros na 1985, kuma har yau ban ga gem ɗin da ya fi shi iya koyarwa ba. An tsayar da Mario a hagu, fili duk yana dama, ko ba a faɗa ba ka san inda za ka nufa. Wani ɗan dodo ya taho a hankali, ya taɓa ka, ka mutu. A karo na biyu da kanka za ka yi tsalle. Yaron da bai gama haɗa baƙi da wasali ba yana fahimtar wannan kafin a gama shan shayi. Haka Contra, haka wasan tankar yaƙi da mutum biyu ke gadin mikiya.

Sai dai Family kayan gida ce, ta ɗakin ɗan mai hali. Shago na gaske ya fara ne da Sega da wasannin faɗa, Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992, waɗanda suka iso mu shekaru bayan nan. Su suka kawo dokar da sana'ar ta tsaya a kanta: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Gwani yana iya wuni a kan benci bai fitar da ko sisi ba. Sirrin wasa kuwa baki da baki yake yawo. Wani zai raɗa maka cewa baya, baya, naushi shi ke sa Scorpion ya jefa igiyarsa, amma sai ka saya masa gyaɗa tukuna. A lokacin ne kuma iyaye suka fara leƙo mu, saboda jinin da suke hangowa a talabijin.

Wannan doka ita ta koya mini mene ne gem mai kyau, ba wani littafi ba. Mai shago ba talabijin yake kallo ba, fuskar wanda aka ci yake kallo. Idan ya ajiye hannun gem ya ce, "Oga, gem ɗin nan cuta yake yi," ya tafi ke nan, kuma gobe abokansa ba za su zo ba. Idan kuwa ya dafe kai ya ce, "Kai, ni na yi sake, a sake," yana laluben aljihu, to wannan faifan ya biya kuɗinsa. Mutum yana jure a ci shi sau goma matuƙar yana ganin inda hannunsa ya kuskure, yana kuma jin cewa a na sha ɗaya zai gyara. Abin da ba ya jurewa shi ne a ci shi bai san dalili ba.

PlayStation ta fito a ƙarshen 1994, kuma da ta samu zama a nan sai ƙwallo ta kori kowa. Winning Eleven na kamfanin Konami muke sakawa, bugun Japan, rubutunsa Japananci, mai sharhinsa ma da Japananci yake ihu. Babu mai karanta ko harafi ɗaya. Haddace wurin ake yi: sauka biyu, danna, koma dama, danna. Yaran sun iya kwaikwayon ihun mai sharhin tsaf ba tare da sanin me yake cewa ba. Abin da ya ƙara masa farin jini shi ne ƙungiyar Najeriya da ke ciki, wadda ta ci zinare a Atlanta a 1996, musamman Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ke Ajax a lokacin. Gudun da aka ba shi a gem ɗin ya wuce misali. Ka ba shi ƙwallo a gefe, ka danne maɓallin gudu, sai dai mai tsaron baya ya bi shi da kallo. Wanda bai samu Najeriya ba sai ya ɗauki Barazil, ya ciro Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba. An sha yin musu a kan ko wannan halal ne a wasa.

Zamanin PS2, wadda ta fito a 2000, shi ne ganiyar sana'ar, kuma ya zo daidai da bunƙasar gidajen kallon ƙwallo. Kanu yana Arsenal har 2004, Mikel ya shiga Chelsea a 2006, gari ya rabu gida-gida. A ci ƙungiyar mutum a gidan kallo, ya miƙe kai tsaye shagonmu ya rama. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya suna cika benci da yamma, ranar sallah kuwa har yaran Kusada da Yashe sai sun zo da kuɗin barka da sallarsu, layi har waje.

A nan ne aka yi gwajin da nake kafa hujja da shi. FIFA na kamfanin EA yana da lasisi, da sunayen ƙungiyoyi na gaskiya da riguna da tambari. Konami ba shi da yawancinsu, har Liverpool ma Merseyside Red ake rubuta mata. Duk da haka PES, wasan ƙwallon Konami, ake nema, FIFA yana kwance a cikin kwali. Dalilin yana cikin ƙwallon kanta. A PES ba ta manne a ƙafar ɗan wasa, tana iya kuɓucewa, ta bugi wani ta dawo, kuma da wuya ka ci ƙwallo biyu iri ɗaya. Wanda ya iya jinkirta fas na daƙiƙa guda ya fi wanda bai iya ba, kuma 'yan kallo suna ganin bambancin. PES 6 na 2006 shi ne sarkinsu, duk da aibinsa ɗaya: Adriano na Inter, mai ƙarfin shot 99, wanda ke zura ta daga inda ya ga dama. Shaguna da yawa sai da suka kafa dokar kansu, ko dai ba mai ɗaukar Inter, ko kuwa kowa ya ɗauke ta. Yara da kansu suka nemi haka, don sun ga nasarar ta daina zama ta hannu.

Hannu kuwa shi ne rabin aikin mai shago. Talabijin mai ƙeya tana shekaru ba ta ce komai ba, amma hannun gem kullum yana kan tebur a buɗe. Robar da ke ƙarƙashin maɓallin gudu ita ke fara mutuwa, sai ta fas, sai wayar ta karye daga gindi saboda fizga. Ka kwance ƙananan kusoshin, ka goge allon da auduga, ka ciro roba daga mataccen hannu ka dasa. Dole hannayen biyu su zama daidai, in ba haka ba ka ba wanda aka ci abin fakewa, kuma da gaskiyarsa. Ƙurar hunturu da faifan kwafi suna cinye idon na'ura, shi ya sa za ka shiga shago ka ga PlayStation ta farko an kifa ta a kan cikinta don ta karanta. Da aka gano yadda ake loda wasanni daga filash, mun huta da wannan.

Akwai wasannin labari, kuma ba na raina su. GTA San Andreas na 2004 da God of War na 2005 manyan ayyuka ne. Sai dai mutum ɗaya ke buga su, da lokaci ake biya, kuma suna son wanda ke da wuta da dare nasa na kansa. A shago, yaro zai zo da lambobin sirri a rubuce a bayan littafin makaranta, ya kira makamai, ya saci mota, ya yi ta gudu da 'yan sanda har lokacinsa ya cika. Labarin da aka ɓata shekaru ana tsarawa ko ta kansa ba ya bi. Ana ɗauke wuta kafin janareta ya tashi komai ya goge. Wasan ƙwallo na minti biyar ko goma shi ya dace da wutarmu da aljihunmu. Ya fi kama da darar da dattawa ke yi a gindin bishiya, rami talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu: a zama ɗaya ake koyon dokar, a tsufa ba a gama ƙwarewa ba, kuma na tsaye sun fi na zaune surutu.

Sana'ar ba ta taɓa samun cikakkiyar yardar gari ba. Uba zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, in ka ƙara barin yaron nan ya zauna lokacin Islamiyya, ni da kai ne." Mai shagon da ke son ya daɗe ba ya karɓar mai kayan makaranta, yana kashe komai in an kira salla, kuma ba ya yarda a ajiye kuɗi a gefe. Biyan kuɗin wasa daban, caca daban, kodayake akwai malaman da ko na farkon ba su natsu da shi ba. Shagunan da suka bari caca ta shiga, faɗa ne ya rufe su tun kafin mai unguwa ya aiko.

Waya ce ta kwashe mana kasuwa, a hankali. Layin salula ya zo Najeriya a 2001, da macijin Nokia a cikinsa, ba mu ɗauke shi kishiya ba. Android ce ta yi aikin, da Dream League, sannan Free Fire a 2017 da PUBG Mobile a 2018. Konami ma ya sauya wa PES suna zuwa eFootball a 2021, ya mai da shi kyauta, kuma fitowar farko ta yi muni har sai da kamfanin ya ba da haƙuri. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙarasa sauran. Wanda bai iya sa sola ba ya koma cajin waya ko POS.

Free Fire ya burge ni ta wani wajen. Yana tashi a ƙaramar waya, zagayensa gajere ne, kuma za ka ga samari huɗu a kan dakali ɗaya suna yi wa juna ihu, wato abin da benci ke yi a da. Inda na ƙi wasannin yanzu, musamman na ƙwallo, shi ne shigar kuɗi cikin fili. A shago kuɗi lokaci yake saya. Ɗan Alhaji da mai turin baro Adriano ɗaya suke samu. Yanzu kuwa ana sayen 'yan wasa da kati, wanda ya fi zuba kuɗi ya fito da ƙungiyar da ta fi, kuma wanda aka ci a intanet bai san ko hannunsa ne, ko aljihun wancan, ko sabis ne ya yanke ba.

Shagunan da suka rage PS4 suke ja da ita, da FIFA, wanda shi ma ya koma FC tun 2023 bayan EA ya rabu da hukumar ƙwallon ta duniya. Manya ke zama a kanta, don kuɗinta ya ninka. Ƙanana suna kan PS2 a gefe, da tsohon PES da masu gyara suka sa wa rigunan bana da sunan Osimhen da Lookman. PS2 ba ta cin wuta sosai, kayan gyaranta suna nan a Kano, kuma a shaguna da dama ita ke fitar da kuɗin haya.