Peugeot 404 da 504

Peugeot 404 da 504 motoci ne na kamfanin Peugeot na Faransa, ya da ƙanwa, waɗanda suka yi suna a hanyoyin Afirka. An fitar da 404 a 1960, 504 kuma a 1968, kuma gidan zane na Pininfarina da ke Italiya yana da hannu a fasalin kowacce.

A takarda 504 ce gaba. Injin 404 lita 1.6 ne, mai ƙarfin doki 72 a samfurin farko, gudunta kuwa bai wuce kilomita 140 da 'yan kai a awa ba. Ita 504 ta fara da lita 1.8 mai doki wajen 82, aka ɗaga shi zuwa lita 2 a 1970, tana iya haura kilomita 150. Birkin 404 ta farko na ganga ne. 504 ta zo da na faifai a ƙafa huɗu. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai.

Amma babban bambancin sai an leƙa ƙarƙashi. Tayoyin bayan 404 a kan ƙarfe ɗaya suke, idan ɗaya ta faɗa rami sai ɗayar ta ji a jikinta. A salun ɗin 504 na farko kowace taya motsinta daban, shi ya sa take shanye gargada, na kujerar baya har gyangyaɗi yake yi. Sai dai kaya ba su san daɗi ba. Da aka zo ƙera wagon mai layin kujeru uku da akori-kura, sai kamfanin ya riƙe tsohon tsarin ƙarfe ɗaya, don shi ke jure buhunan hatsi, kuma bakanike a bakin tasha zai gyara shi ba tare da dogon nazari ba. Wato 504 ɗin da ta yi aikin haya, rabin halinta na yayarta ne.

Tseren Safari na Gabashin Afirka ya gwada su duka. 404 ta lashe a 1963, shekarar da motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe, ta sake yi a 1966, 1967 da 1968. 504 ta ci a 1975 da 1978, kodayake ta 1978 samfuri ce mai ƙofa biyu da injin V6, ba irin wadda aka saba gani a kan titi ba.

A 1975 masana'antar PAN ta fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta zama motar jami'an gwamnati zamanin mulkin soja na Obasanjo. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Kenya ma ba ta saki 404 ba sai 1991.