Bara a Kudu: su wa ke yi, su wa ke bayarwa, kuma me doka ta ce

Duk wanda ya daɗe a Legas ko Ibadan ya san wannan: da zarar an ga mutum zaune a gindin gada da kwano a gabansa, sai a ce "aboki" ne. Ba a tambayar garinsu, ba a tambayar yarensa. Ko daga Nijar ya fito, ko Chadi, ko ma ɗan Kudu ne ya ɗora hula, sunan Bahaushe ne ke tafiya. Na haɗa wannan bayani ne saboda tambayoyin da ake yi mini duk lokacin da aka yi kamen mabarata, musamman daga baƙin da ba su daɗe da sauka ba: shin bara laifi ne a nan? Ina ake kai wanda aka kama? Akwai wani tallafin gwamnati da ya shafe mu?

Da farko dai, waɗanda ake haɗawa a kira mabarata ba iri ɗaya ba ne. Mafi daɗewa su ne masu naƙasa, wato makafi da guragu da kutare, kuma su suna da tsari tun kafin a haifi yawancinmu. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, kuma wani Bature mai nazarin al'umma, Abner Cohen, da ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya tarar kowane rukuni da sarkinsa a ƙarƙashin Sarkin Sabo. Har yau haka abin yake. A gidan gajiyayyu na Oko-Baba da ke Ebute Metta, kusa da titin Kano, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Su ke sauke baƙo, su ke sasanta rigima, su ke haɗa kuɗin likkafani in an yi rasuwa.

Bayansu akwai waɗanda masifa ta koro: matan Borno da Yobe da suka fara kwararowa bayan rikicin da ya ɓarke a 2009, sai na Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukansu. Da yawansu manoma ne, ba su taɓa miƙa hannu ba sai a nan. Akwai Buzaye, da fari ya fara turo su tun shekarun 1970. Akwai kuma 'yan gari masu sa kwat, riƙe da takardar asibiti ko labarin kuɗin mota ya ƙare, waɗanda ba wanda ke lissafa su da mabarata saboda da Turanci suke roƙon.

Rukunin da ya fi damuna shi ne na waɗanda ba sa bara ko kaɗan, matsuguni ne kawai ba su da shi: mai ga-ruwa, mai wankin takalmi, ɗan dako, mai yankan farce. Ɗan ci-rani ba zai iya biyan hayar shekara guda a dunƙule ba, ga kuɗin dillali a kai, don haka sai ya kwana a barandar shago ko harabar masallaci. In motar kame ta zo da asuba, ba ta bambanta shi da mai kwano. Na taɓa bin sawun wani yaro mai gyaran takalmi a layinmu da wasu jami'ai suka kwashe yana barci, akwatin sana'arsa a ƙarƙashin kansa. Kwana huɗu muna yawo kafin mu gano inda yake, kuma abin da ya fito da shi shi ne shugaban unguwa ya je da kansa ya tsaya masa. Akwatin kam, har yau.

To su wa ke bayarwa? Nan ne abin yake da ɗaure kai. Mutumin da zai zauna a motar haya yana zagin "bambiala", shi ne gobe da sassafe zai tsaya da ledar ƙosai ko farin ƙyalle yana neman makaho. Yarbawa suna da kalmar saara, wadda sadakarmu ce ta sauya baki, kuma alfa ko fasto ko mai duba kan umarci mutum ya fitar da ita don neman haihuwa, ko kasuwa, ko kariya. Su ma suna da tasu tsohuwar al'adar, ta uwar tagwaye da ke zagaya kasuwa ana ba ta kuɗi. Ke nan ba don Hausawa kaɗai mabaraci ke zaune a Legas ba. Yana zaune ne don akwai masu buƙatarsa, kuma da yawansu 'yan gari ne.

Mu ma namu bakin biyu ne. A wa'azi muna jin malamai suna kawo hadisan da suka hana mai lafiya roƙo, muna gyaɗa kai. Ranar Juma'a kuma mu canjo sababbin 'yan hamsin-hamsin mu raba a ƙofar masallaci, mu tafi da sanyin zuciya. Ni ban ce a daina ba. Amma naira hamsin ba ta taɓa tayar da kowa daga bakin titi ba, alhali zakkar 'yan kasuwar Mile 12 da Agege, da a ce wuri ɗaya ake tara ta, da ta isa jarin mutane da dama a kowace shekara.

A ɓangaren doka, jihohin Kudu suna aiki da kundin laifuka da aka gada daga Turawa, kuma sashe na 249 ya sa mai tsayawa a bainar jama'a yana bara, ko mai tura yaro ya yi, cikin masu laifi, da hukuncin ɗaurin wata guda. Legas tana da nata kundin tun 2011, shi ma ya riƙe wannan hani. Akwai kuma dokar tarayya ta kare masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019: duk wanda ya yi amfani da mai naƙasa wajen bara, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Masu ɗauko guragu daga gida suna karɓar kaso da yamma, da ku ake. Kada kuma wani ya ɗauka ƙiyayyar 'yan Kudu ce kawai, domin Kano ma ta yi dokar hana bara a titi tun 2013.

Sai dai hana bara daban, korar mutum daga gari daban. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar. An gwada wannan a Yulin 2013, lokacin da gwamnatin Fashola ta kwashi wasu gajiyayyu ta sauke su a Anacha. Gwamnan Anambra na lokacin, Peter Obi, ya kai kuka ga shugaban ƙasa, 'yan ƙabilar Ibo suka yi ca, har daga baya Fashola ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Namu an sha loda su a mota a yi Arewa da su, kafin wannan da bayansa, ban ji gwamnan da ya ɗaga murya haka ba.

Wanda aka kama a Legas, galibi cibiyar gyaran hali ta Majidun da ke hanyar Ikorodu ake kai shi, a ƙarƙashin ma'aikatar matasa da walwalar jama'a, wasu kuma a gurfanar da su gaban kotun tafi-da-gidanka. Can ya kamata dangi su fara dubawa. A Ibadan, gwamnatin Makinde ta kwashe mabaratan Sabo da Mokola zuwa wani matsuguni a Akinyele a 2021, ba a daɗe ba da yawa suka dawo inda suka saba. Ba abin mamaki ba ne: masu saara ba sa zuwa bayan gari.

Maganar tallafi kuwa gajeriya ce, domin tallafin kansa gajere ne. Najeriya ba ta da alawus na wata-wata ga marar aiki ko marar gida irin na Ingila. Abin da aka yi shi ne naira 5,000 a wata ga gidajen matalauta a zamanin Buhari, sai naira 25,000 sau uku da gwamnatin Tinubu ta ƙaddamar a Oktoban 2023. Dukansu ta rajistar matalauta ta ƙasa suke bi, ita kuwa rajistar unguwa-unguwa ake yinta, gida-gida. Wanda ba shi da adireshi, an tsallake shi tun a nan. A garinsu ba ya nan ranar da aka zo rubuta suna, a nan kuma ana kallonsa a matsayin baƙo. Yanzu ma sai da lambar NIN da asusun karɓar kuɗi.

Abin da ke hannunmu a nan shi ne takarda. Katin mazauna Legas na LASRRA na duk mai zaune a jihar ne, ba a ce sai ɗan asali ba. Hukumar masu naƙasa ta jihar, LASODA, ita ma tana rajista. Na san dattawa da suka shekara talatin a Idi-Araba ba su da ko ɗaya, wai tsoron haraji. In Sarkin Hausawan unguwarku ko limaminku zai yarda a rubuta adireshinsa, ku ɗauki makahon layinku da yaron da ke kwana a baranda ku raka su, ku kuma ajiye kwafin katin a wurin wani da ke da ɗaki.