Lalon Fakir, Malamin da Ya Karantar da Falsafa a Bakin Waƙa

Ranar 17 ga Oktoba 1890 wani dattijo mai suna Lalon Fakir ya rasu a ƙauyen Ceuriya, kusa da garin Kushtiya, a yankin Bengal da ke cikin Bangladesh a yau. Bai bar littafi ko guda ba. Gadonsa ɗaruruwan waƙoƙi ne a bakin almajiransa, kuma a cikinsu ya zuba tunaninsa game da rai, jiki da matsayin ɗan Adam.

Lalon na cikin jama'ar Baul, mawaƙa masu yawo gari-gari, waɗanda tafarkinsu ya ɗebo daga Sufanci da kuma wasu rassan addinin Hindu. Babban kayan kiɗansu ektara ne, mai tsirkiya ɗaya kamar kuntigi. Masu sauraronsu manoma ne da masaƙa da masu tuƙin kwalekwale, mutanen da akasarinsu ba su taɓa zama gaban malamin Sanskrit ko na Farisanci ba. Gare su, dandalin waƙa shi ne makaranta.

Darasin kuwa mai nauyi ne. Lalon ya koyar da cewa gaskiyar da ake nema a nesa tana cikin jikin mutum, yana misalta jiki da keji, rai kuma da tsuntsu. Ya kuma ƙalubalanci tsarin da ke raba mutane daraja-daraja tun daga haihuwa. Sau da yawa tambaya yake jefawa maimakon yanke hukunci, cikin zaurance wanda sai malami ya warware wa almajiri. Shi ya sa zaman ido da ido ya zama dole: a rera baiti, a tattauna, wani mawaƙin ya amsa da nasa baitin.

Wannan hanya ta jawo wa 'yan Baul tsangwama daga masu tsaurin ra'ayi na Musulmi da na Hindu. Ta kuma ja hankalin masu ilimin birni. A 1915 Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1913, ya buga wasu waƙoƙin Lalon a mujallar Prabasi, sannan ya yi bayanin tunanin Baul a laccocinsa na Oksifod a 1930. A 2005 hukumar UNESCO ta ayyana waƙoƙin Baul cikin gadon al'adun duniya.

Sai dai shahara ta zo da nata rashi. Takarda da faifai sun adana kalmomin, amma ba sa amsa tambayar mai sauraro. Dubban mutane na taruwa a hubbaren Lalon kowace shekara, da yawansu don daɗin kiɗa. Ma'anar baitocin ta rage a hannun tsirarun almajirai da ke zama gaban malamansu bayan taro ya watse.