Daga Akwatin Katuna Zuwa Wayar Hannu

Koya wa ɗalibin jami'a yadda zai nemo bayani sana'a ce mai tarihi, kuma a cikinta na yi furfura. A Najeriya, horar da ma'aikatan laburare ya kankama a Ibadan a 1960, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a Zariya a 1968. Daga waɗannan makarantu biyu malamanmu suka fito, a hannunsu muka gaji darasin amfani da laburare.

Lokacin da na kama aiki, darasin duka a gaban akwatin katuna ake yinsa. Sababbin ɗalibai su kewaye ni, in jawo aljihun akwatin, in nuna musu littafi guda yana da kati na sunan marubuci, da na sunan littafin, da na fanni. Su kwafi lamba, su bi kanta har su cim masa. Abokin gabarmu a lokacin ƙaranci ne, musamman bayan 1986, da darajar naira ta karye, mujallun waje suka daina zuwa. Tantancewa kuwa an riga an yi wa ɗalibi ita, domin duk abin da ya hau kanta ya bi ta hannun edita da kamfanin ɗab'i da mu kanmu.

A Amurka tuni aka hango sauyi. A 1974 Paul Zurkowski ya rubuta rahoto yana kira da a koya wa jama'a sarrafa bayanai kamar yadda ake yaƙi da jahilci. Ƙungiyar laburarorin ƙasar ta fayyace manufar a 1989: mutum ya san lokacin da yake buƙatar bayani, ya iya nemo shi, ya auna shi, ya yi aiki da shi. Reshenta na manyan makarantu ya fitar da ma'aunai biyar a 2000, ya sauya su da sabon tsari a 2016.

Mu kuwa wayar salula ce ta juya mana aikin. Ta fara yaɗuwa a 2001, Facebook da WhatsApp suka biyo baya, fari ya koma ambaliya. A watan Agusta na 2014 saƙo ya zaga cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga Ebola. Aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu, kuma cikin masu tura saƙon har da masu digiri. Daga nan ne ma na riƙa jin amsar da ta zama ruwan dare a aji: "Malam, a Google na gani."

Binciken Sam Wineburg a Jami'ar Stanford ya nuna dabarar ƙwararrun masu bin diddigin labarai. Ba sa ɓata lokaci a shafin da ba su sani ba. Fita suke yi su duba abin da wasu suka faɗa game da mai shafin. Na karanta, na ga abin gidanmu ne. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san mai ruwaya da halinsa. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya ɗauka. A Zariya, Dakta Yusufu Bala Usman ya zauna ya tace abin da Heinrich Barth ya rubuta kan Katsina, bai haɗiye shi don Bature ne ya faɗa ba.

Shi ya sa nake ce wa ɗalibai: 'ya'yana, wa ya faɗa, yaushe, me zai samu idan kun yarda? Amma zango ɗaya a ajin farko ba ya dasa wannan hali. Roƙona ga malamai 'yan'uwana shi ne kowa ya ware maki domin ingancin madogara, tun daga aikin gida na farko har kundin kammala digiri. Abin da ake ba wa maki, shi ɗalibi ke koya.