Mashigin Midi: Shekara 360 daga Dawakin Jan Jirgi zuwa Mahaya Keke

A watan Oktoban 2026 ne Mashigin Midi da ke kudancin Faransa ke cika shekara 360 da samun izinin haƙawa daga Sarki Louis na 14, a watan Disamba kuma ya cika shekara 30 cikin jerin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO. Tsawonsa kilomita 240 ne, daga birnin Toulouse zuwa tafkin Thau a bakin Bahar Rum. Waɗanda suka haƙa shi jiragen dakon alkama suka yi wa tanadi. Yau kuwa masu raya gaɓarsa su ne mahaya keke, da jakunkuna rataye a gefen tayar baya, suna bin siririyar hanyar da dawaki ke takawa a da idan suna jan jirgi da igiya.

Duk wannan ya samo asali ne daga mutum ɗaya, Pierre-Paul Riquet, haifaffen garin Béziers. Ba injiniya ba ne. Sana'arsa karɓar harajin gishiri a lardin Languedoc, aikin da ya yi masa arziki, ya kuma sa ya san kowane rafi da tudu na ƙasar. Tun zamanin Rumawa ake mafarkin haɗa Tekun Atilantika da Bahar Rum ta tudu, domin a huta da zagaye Sifaniya da fargabar 'yan fashin teku a mashigar Jibralta. Abin da ya gagari kowa shi ne ruwa. Mashigin dole ya haura tudun Naurouze, mai tsayin mita 189 a kan teku, kuma babu kogin da zai cika shi a can ƙololuwa.

Riquet ya shafe shekaru yana yawo a Montagne Noire, tsaunukan da ke arewa da hanyar, yana auna ƙoramu. Dabararsa ita ce a tattara ruwan waɗannan ƙoramu ta ƙananan magudanai, a adana shi a babbar madatsa, sannan a gangaro da shi Naurouze, inda zai rabu biyu, wani ya nufi yamma, wani gabas. Ranar 15 ga Nuwamban 1662, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya rubuta wa Colbert, babban wazirin kuɗin sarki. Da ƙwararru suka nuna shakka, bai tsaya jayayya ba. A 1665 ya haƙa magudanar gwaji da kuɗin aljihunsa, ruwa kuwa ya iso Naurouze idon kowa na gani.

Shekaru goma sha huɗun da aka yi ana haƙa mashigin su ne abin alfaharin wannan tarihi. Ma'aikata kusan 12,000 ne suka yi aikin a lokacin da ya fi zafi, da diga da shebur da kwando, cikinsu har da mata da yawa. Riquet ya biya su ladan da ya fi na ƙwadagon gona, kuma bai yanke wa kowa kuɗi ba saboda rashin lafiya, ko ranar da ruwan sama ya hana aiki, ko Lahadi. A ƙarni na 17 wannan baƙon abu ne, kuma shi ya sa mutane suka yi ta tururuwa. A 1667 aka aza harsashin madatsar Saint-Ferréol, wadda ba ta da ta biyu a girma a Turai ta wancan zamani. A kusa da Béziers aka gina matakalar Fonseranes, ɗakunan ruwa takwas a jere masu ƙofofi, waɗanda ke ɗaga jirgi fiye da mita 21 cikin tazarar mita 300 kacal. A Agde aka yi ɗakin ruwa mai da'ira, inda jirgi ke juyawa ya zaɓi ɗaya daga mafita uku.

Sai labarin ramin Malpas, wanda mutanen yankin ba sa gajiya da bayarwa. A 1679 aikin ya ci karo da tudu mai dutse marar ƙwari, masu adawa da Riquet suka kai ƙara cewa zai rufta, aka ba da umarnin dakatarwa. Riquet ya sa aka huda tudun a ɓoye, kafin a ankara rami ya ɓulle. Har yau jirage na wucewa ta cikinsa.

Riquet bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ya rasu a Toulouse ranar 1 ga Oktoban 1680, saura 'yan kilomitoci a kammala, ya bar wa 'ya'yansa bashin da ya haura livre miliyan biyu, kuɗin Faransa na lokacin. A watan Mayun 1681 aka buɗe mashigin. Bayan 'yan shekaru injiniyan soja Vauban ya zo ya ƙara gadoji masu ɗauke da ruwa, don kada ambaliyar ƙoramu ta riƙa cike shi da laka.

Daga nan Languedoc ta canza kama. Alkamar Lauragais ta samu hanyar kasuwa, gonakin inabi suka bazu a filayen Minervois da kewayen Béziers saboda gangunan giya na isa tashar Sète cikin sauƙi. Jirgin fasinja yakan yi kwana huɗu daga Toulouse zuwa Agde. A 1787 Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, ya bi mashigin da kansa yana nazarin ƙofofinsa. A 1856 aka kammala ɗan'uwan Mashigin Midi, mashigin da ke bin kogin Garonne na kilomita 193, aka cika burin haɗa tekuna biyu.

Jirgin ƙasa ya iso a 1857, kuma shekara guda bayan haka aka ba kamfanin layin dogo hayar mashigin na shekara 40. Dako ya ja baya, gwamnati ta karɓi mashigin a ƙarshen ƙarnin, jiragen kaya suka yi ta raguwa har suka ƙare wajen ƙarshen shekarun 1980. Amma wannan koma-baya ne ya tsare shi. Da ciniki ya ci gaba da bunƙasa, da an faɗaɗa ƙofofin an rushe gadojin Riquet, da kuma UNESCO ba ta tarar da abin da ta karrama a 1996 ba.

Keke ya shigo ne a daidai wannan gaɓa. Hanyar da aka yi don doki mai jan kaya ba ta da hawa mai wahala, ba ta da mota, ga inuwa. Daga Toulouse zuwa Port-Lauragais, kimanin kilomita 50, an shimfiɗa mata kwalta. Bayan Naurouze sai Castelnaudary da babban tafkinta, sai ganuwar Carcassonne, sai layukan inabi iya ganin ido ta Trèbes da Homps har ƙauyen Le Somail, inda wani tsohon rumbu ya koma kantin tsofaffin littattafai. Wanda ya ajiye keke a Malpas ya hau tudun Ensérune zai hango fadamar Montady, wadda aka tsane tun ƙarni na 13 da magudanai masu haɗuwa a tsakiya kamar wayoyin tayar keke. A wasu sassan lardin Aude an daɗe ana fama da saiwoyi da taɓo bayan ruwan sama, ana dai ta gyara sashe bayan sashe.

Mafi kyawun dausayi yana kan reshen Robine, wanda ya ratsa tsakiyar Narbonne ya nufi Port-la-Nouvelle. Nan hanyar ta zama siririn tudu tsakanin tafkunan Bages-Sigean da Ayrolle, ruwa dama ruwa hagu, ga tsuntsayen filamingo da zalɓe suna kiwo. Babbar hanyar kuma tana wucewa ta gandun tsuntsaye na Bagnas kafin ta ƙare a Onglous, bakin tafkin Thau. Yanzu duk wannan wani ɓangare ne na hanyar keke mai suna Canal des Deux Mers à Vélo, kimanin kilomita 750 daga Royan zuwa Sète.

Jarabawar wannan zamani ta faɗa kan itatuwa. A 2006 aka gano wata cuta a jikin itatuwan filatan 42,000 da suka yi wa mashigin rumfa. Ba ta da magani, sai sarewa da ƙonawa, kuma an riga an sare fiye da rabinsu. Hukumar Voies navigables de France, mai kula da mashigin, tana dasa wasu irin itatuwa daban-daban a madadinsu, don kada cuta ɗaya ta sake share gaɓar baki ɗaya, kuma tun 2013 take karɓar gudummawar jama'a da kamfanoni. Ambaliyar Oktoban 2018 ma ta yi ɓarna a wajen Trèbes, aka gyara aka sake buɗewa.

Ƙauyukan da jirgin dako ya bari suna cin abinci yau daga mai keken da ya tsaya sayen burodi, ya kwana a masauki, ya kai faci. Ruwan mashigin har yanzu yana shayar da gonaki a lokacin rani, kuma har yanzu daga Montagne Noire yake gangarowa ta magudanan Riquet. Hukumomin lardunan da ya ratsa suna da hakki a wuyansu na kammala gyaran hanyar keken tun daga Naurouze har bakin teku, masu zuwa yawo kuma su sa hannu a asusun dashen itatuwan da za su yi wa na bayansu inuwa.