Dajin Falgore: Kiwo, Ciyawa da Ruwan Tiga

Dajin Falgore yana kudancin Jihar Kano, ya ratsa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa kuwa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi a shekarun 1940, da sunan Gandun Dajin Kogin Kano. A 1969, zamanin Gwamna Audu Bako, aka mai da shi gandun namun daji. A 1974 kuma aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda Kogin Kano ke cika ta bayan ya keto dajin. Tun daga sa'an nan makomar dajin da ta madatsar suka zama ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, saiwar ciyawa irin su gamba ita ke riƙe ƙasa a gangaren duwatsu da gaɓar kogi. A ƙarƙashinta akwai ma'aikatan da ba a kula da su: buzuzu yana binne kashin shanu ya zama taki, gara da tana suna huda ƙasa ruwan sama ya nutse. Kiwo daidai gwargwado yana ciyar da waɗannan halittu, yana kuma rage busasshiyar ciyawar da gobara ke ci. Amma idan shanu suka fi ƙarfin makiyaya, kofato ya daddage ƙasa, sai ruwa ya kwashi laka ya zuba a Tiga, asarar ta faɗa kan manoman rani na Kadawa da Kura.

Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin tanadar wa makiyaya filayen kiwo, amma kaɗan aka tabbatar. Farin shekarun 1970 da 1980 ya koro garke kudu, gonaki suka cinye burtali, dajin ya zama mafaka. Daga baya ɓarayin shanu suka yi sansani a ciki, har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017. A 2020 Gwamnatin Kano ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya na ƙasar Kiru.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, korar makiyayi kaɗai ba ta tsare daji. Sai an ba shi burtali da mashaya, an ƙayyade yawan shanu da lokacin kiwo, sa'an nan ciyawa za ta farfaɗo, Tiga ta daɗe tana shayar da Kano.