Tarihin Rarraba Faifan Kwamfuta: Daga MBR Zuwa GPT

A shekarar 1983 kamfanin IBM ya fito da kwamfutar XT mai faifan ajiya na megabait 10. Da ita aka kafa tsarin MBR, inda bait 512 na farkon faifai ke riƙe da jadawalin rabo mai gurbi huɗu kacal. Windows da Linux duk sun gaji wannan tsari. Sai dai in wannan ɗan yanki ya lalace, kwamfuta ba ta gane inda bayanai suke, kuma ikonsa bai wuce terabait 2 ba. Wannan ya sa Intel ya ƙirƙiro GPT, wanda Apple ya runguma a 2006. GPT yakan ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai, don in na farko ya salwanta a dawo da shi.